Sunan fayil da aka loda a sabar

Sunan fayil da aka loda shi ne sunan da burauza ke aikawa tare da fayil a lokacin da mutum ya ɗora hoto, takarda, sauti ko bidiyo a shafin intanet. Manhajar da ke aiki a sabar, wadda aka rubuta da harshe irin su PHP, Python, Java ko JavaScript, ita ce ke karɓar wannan suna, ta yanke abin da za ta yi da shi. Sunan yakan isa yadda aka aiko shi, amma wani lokaci yakan isa a gurɓace: harafi ya ɓace, wasu baƙin alamomi su maye gurbinsa, sunan ya yanke a tsakiya, ko kuma sabon fayil ya danne wani da ke ajiye tun da farko.

Tushen yawancin waɗannan matsaloli guda ne. Sunan ba ya cikin fayil ɗin kansa. Bayani ne dabam da kwamfutar mai lodawa ke faɗa, kuma yana ratsa matakai da yawa kafin ya zauna a faifan sabar, kowane mataki da irin ƙa'idarsa. Saboda haka masu tsara manhaja ke gano matsalar ta hanyar bin sunan mataki bayan mataki, suna duba ainihin bayit ɗin da ke ciki, har su kai wurin da ya fara canjawa. Batun ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye, domin haruffa masu ƙugiya da alhamza suna cikin abubuwan da irin waɗannan manhajoji suka fi lalatawa.

## Tarihi

A farkon yanar gizo, fom ɗin HTML rubutu kawai yake iya aikawa. A watan Nuwamba na 1995 aka fitar da takardar RFC 1867, wadda Ernesto Nebel da Larry Masinter na kamfanin Xerox suka rubuta. Ita ce ta gabatar da gurbin zaɓar fayil a cikin fom, da kuma tsarin aika saƙo mai suna multipart/form-data. A 1998 takardar RFC 2388 ta sake fayyace tsarin, sannan a 2015 RFC 7578 ta maye gurbinta.

Layin da ke ɗauke da sunan fayil, wato Content-Disposition, daga tsarin imel aka aro shi, kuma RFC 2183 ta 1997 ce ta bayyana shi. Layukan kan saƙon imel an gina su ne a kan ASCII, tsarin haruffa 128 da ya ƙunshi baƙaƙe da wasulan Ingilishi, lambobi da wasu alamomi. Takardun farko ba su samar da hanya guda da kowa ya bi ba wajen aika sunan da ke da harafin da babu shi a ASCII. Kowane burauza ya ɗauki tasa hanyar, manhajojin sabar kuma suka riƙa yin hasashe. Wannan giɓi ne asalin yawancin gurɓacewar da ake gani har yau.

## Yadda sunan ke tafiya

Idan mutum ya zaɓi fayil ya danna maɓallin aikawa, burauza yana raba saƙon kashi-kashi. Kowane kashi yana farawa da layukan bayani, sannan abin da ke cikin fayil ɗin ya biyo baya. Layin da ya shafi suna yana zuwa kamar haka:

`Content-Disposition: form-data; name="hoto"; filename="ƙura.jpg"`

Sunaye biyu ne a wannan layi. Na farko sunan gurbin fom ne, wanda mai tsara shafin ya raɗa. Na biyu sunan fayil ne, wanda ya fito daga kwamfuta ko wayar mai lodawa. Daga nan sunan yana bin waɗannan matakai:

1. Burauza yana mayar da haruffan sunan zuwa bayit, bisa tsarin lambanta haruffa na shafin da fom ɗin yake.
2. Manhajar sabar, kamar Apache ko nginx, tana karɓar saƙon ta miƙa shi gaba.
3. Sashen da ke warware saƙon yana ciro sunan, ya sake mayar da bayit zuwa haruffa.
4. Umarnin da mai tsara shafin ya rubuta yana tace sunan ko ya gyara shi.
5. Ana rubuta fayil ɗin a faifai, a ƙarƙashin dokokin tsarin ajiyar fayil na sabar.
6. Ana ajiye sunan a rumbun bayanai.
7. Ana nuna sunan a shafi, ko a mayar da shi ga wanda zai sauke fayil ɗin.

A harshen PHP, bayanan suna fitowa a cikin `$_FILES`. Gurbin `name` yana ɗauke da sunan da burauza ya faɗa, `type` yana ɗauke da nau'in fayil ɗin da burauza ya faɗa, `tmp_name` kuma shi ne wurin wucin gadi da PHP ya ajiye fayil ɗin da sunan da shi kansa ya ƙirƙira. Biyun farko daga waje suke zuwa, kuma duk wanda ya iya haɗa saƙon HTTP da hannunsa zai iya rubuta abin da ya ga dama a cikinsu.

## Gurɓacewar haruffa

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa, tsarin UTF-8 kuma, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana mayar da lambar zuwa bayit ɗaya, biyu, uku ko huɗu. Haruffan ASCII bayit ɗaya suke ɗauka. Haruffan Hausa masu ƙugiya bayit biyu suke ɗauka kowannensu:

- ɓ: lamba U+0253, bayit C9 93
- ɗ: lamba U+0257, bayit C9 97
- ƙ: lamba U+0199, bayit C6 99
- ƴ: lamba U+01B4, bayit C6 B4

Tsofaffin tsare-tsaren yammacin Turai, wato ISO 8859-1 da Windows-1252, suna ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan haruffa huɗu a cikinsu. Idan burauza ya aika suna da UTF-8, sabar kuma ta karanta shi da Windows-1252, kowane harafi mai ƙugiya zai rabe gida biyu. Harafin ƙ zai koma Æ™, ƴ zai koma Æ´, ɗ kuma zai koma É da dogon layi a bayansa. Ta haka `ƙura.jpg` ke zama `Æ™ura.jpg`. Ana kiran wannan gurɓacewa mojibake, kalmar da aka aro daga Japananci.

Siffar gurɓacewar takan nuna inda kuskuren ya faru:

- Baƙin haruffa biyu a gurbin ɗaya, kamar Æ™, suna nuna cewa an karanta UTF-8 da tsarin bayit ɗaya. Bayanin bai salwanta ba, ana iya dawo da shi.
- Baƙin haruffa biyar a gurbin ƙ, wato Ã†â„¢, suna nuna cewa an maimaita kuskuren sau biyu: an karanta sunan ba daidai ba, an sake lambanta shi da UTF-8, an kuma sake karanta shi ba daidai ba.
- Alamar tambaya, kamar `?ura.jpg`, tana nuna cewa an juya sunan zuwa tsarin da ba shi da harafin. A nan harafin ya salwanta, ba a iya dawo da shi daga abin da ya rage.
- Alamar maye gurbi mai lamba U+FFFD, wadda ke fitowa kamar alamar tambaya a cikin baƙin lu'u-lu'u, tana nuna cewa mai karantawa ya ci karo da bayit ɗin da ba su dace da UTF-8 ba.
- Rubutu irin `&#409;ura.jpg` yana nuna cewa shafin fom ɗin ba da UTF-8 yake ba, sai burauza ya rubuta lambar harafin a madadinsa. 409 ita ce lambar ƙ a ƙidayar goma-goma.

Irin wannan ya taɓa damun masu amfani da Node.js. Kayan aikin busboy, wanda multer ke dogara da shi wajen warware saƙon loda fayil, yana ɗaukar sunan fayil da tsarin latin1 idan ba a faɗa masa wani tsari dabam ba. Saboda haka sunayen da ba na ASCII ba suka riƙa fitowa a gurɓace, masu tsara manhaja kuma suka riƙa mayar da sunan zuwa bayit su sake karanta shi da UTF-8. A kwamfutocin Windows, PHP bai fara rubuta sunayen fayil da UTF-8 yadda ya kamata ba sai a nau'in 7.1 da ya fito a 2016.

Saitin harshe da yanki na sabar ma yana da tasiri. Littafin jagoran PHP ya yi gargaɗi cewa umarnin `basename()` da `pathinfo()` suna dogara da wannan saiti, kuma idan bai dace da haruffan sunan ba, sakamakon ba abin dogaro ba ne. Wannan ne ya sa umarni guda zai yi aiki daidai idan mai tsara manhaja ya gwada shi da hannu a asusunsa, amma ya lalata suna idan manhajar sabar ce ta kira shi, domin kowannensu da saitin da yake gudana a kai.

## Suna ɗaya, bayit iri biyu

Unicode ya yarda a rubuta wasu haruffa ta hanya biyu. Harafin à yana da lamba guda tasa, U+00E0, amma ana iya rubuta shi da a sannan a bi shi da alamar da ke hawa kansa, U+0300. A ido babu bambanci, amma bayit ɗin ba ɗaya ba ne. Hanyar haɗewa ana kiranta NFC, hanyar rabawa kuma NFD.

Tsarin ajiyar fayil na HFS+, wanda kwamfutocin Apple suka yi amfani da shi kafin zuwan APFS a 2017, yana ajiye sunaye a rabe. Windows da Linux ba sa tilasta wannan, kuma yawancin allunan rubutu haɗaɗɗen harafi suke fitarwa. Sakamakon haka, za a iya ganin fayil a cikin folda da sunansa daidai, amma manhaja ta ce babu shi, saboda tana nemansa da siga ɗaya alhali an ajiye shi da ɗayar.

Haruffa masu ƙugiya ba sa rabuwa ta wannan hanya, domin a Unicode ƙugiyar ba alama ce dabam ba, jikin harafin ce. Amma matsalar tana shafar ayyukan nazarin harshen Hausa, inda ake nuna karin sauti da tsawon wasali da alamomi a kan wasula, kamar à, â da ā. Mai bincike da ya raɗa wa fayilolin sauti suna da kalmomin da ke ɗauke da waɗannan alamomi zai iya cin karo da ita. Maganinta shi ne a mayar da kowane suna zuwa siga guda kafin a ajiye ko a kwatanta. Manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia ke gudana a kanta, tana mayar da rubutun da aka shigar zuwa NFC.

## Alhamza da sauran alamomi

Rubutun Hausa yana amfani da alhamza a kalmomi irin su jama'a, sa'a da ma'aikata. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya da ita, a Nijar kuwa ana rubuta ƴaƴa da harafi mai ƙugiya. A kwamfuta alamomi uku ne ake yawan rubuta alhamza da su: miƙaƙƙiya ta allon rubutu mai lamba U+0027, lanƙwasasshiya mai lamba U+2019 wadda wasu manhajojin rubutu da wayoyi ke sakawa da kansu, da kuma U+02BC wadda Unicode ya lissafa a matsayin harafi. Sunaye uku da suka yi kama a ido za su iya zama fayiloli uku dabam-dabam.

Miƙaƙƙiyar ita ce mai haɗari, domin ita ce alamar da harshen SQL da layin umarni na Linux ke amfani da ita wajen buɗe zance da rufe shi. Idan aka liƙa suna irin `jama'a.pdf` kai tsaye a cikin umarnin SQL, umarnin zai karye a daidai alhamzar. Shafin da ke karɓar duk fayiloli amma ya ƙi wanda ke da alhamza a sunansa yana nuna alamar rauni babba, domin ta wannan kafa ce mai kutse ke cusa nasa umarni. Tsofaffin nau'o'in PHP suna da wani saiti da ke saka alamar \ da kansa a gaban alhamza a bayanan da aka aiko, abin da ya sa ake ganin `jama\'a` a wasu tsofaffin rumbunan bayanai. An cire wannan saiti a nau'in 5.4 a 2012.

Wasu alamomin suna da ma'ana ta musamman a adireshin intanet. Alamar # tana yanke adireshi, ? tana fara sashen tambaya, % tana fara lambar bayit, + kuma ana karanta ta a matsayin tazara a wasu wurare. Fayil mai suna `rahoto #2.pdf` zai iya lodawa lafiya, ya zauna a faifai, amma mahaɗin sauke shi ya kai ga shafin da ke cewa ba a same shi ba, idan ba a mayar da # zuwa %23 ba.

## Tace suna

Domin kauce wa waɗannan matsaloli, manhajoji da yawa suna tace sunan kafin su ajiye fayil. Tacewar tana da nata illoli. Umarnin `secure_filename` na Werkzeug, wanda masu amfani da Flask a harshen Python ke yawan kira, yana raba haruffa da alamominsu, sannan ya zubar da duk abin da ba ASCII ba. Harafin é yana tsira a matsayin e, amma ƙ da ɗ ba sa rabuwa, don haka gaba ɗaya ake zubar da su. Ta haka `ƙasa.pdf` ke zama `asa.pdf`. Sunayen `ƙura.jpg` da `ɗura.jpg` dukansu `ura.jpg` suke komawa. Sunan da aka rubuta gaba ɗaya da haruffan Larabci ko Ajami ba abin da ke saura a cikinsa sai wutsiyar, wato `pdf` ko `jpg`.

Mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b ya fi zubar da su, amma bai kawar da matsalar ba, domin a Hausa waɗannan sautuka ne masu bambanta ma'ana. Ƙura da kura ba abu ɗaya ba ne, haka ma ɓari da bari. Idan sunaye biyu suka haɗu a siga guda, umarnin `move_uploaded_file()` na PHP zai danne tsohon fayil da sabon ba tare da gargaɗi ba. Wasu manhajoji suna kare kansu daga wannan: Django yana ƙara haruffa bakwai na kacici-kacici a ƙarshen sunan da ya yi karo da wani, WordPress kuma yana ƙara lamba.

Juya manyan haruffa zuwa ƙanana ma yana iya jawo abin mamaki. A rubutun Turkanci, ƙaramin I shi ne ı marar ɗigo. Manhajar Java da ke gudana a saitin Turkanci za ta mayar da GIF zuwa gıf, wanda ba zai dace da gif da ke cikin jerin wutsiyoyin da aka amince da su ba.

## Dokokin tsarin ajiyar fayil

Kowace babbar manhaja da irin sunan da ta yarda da shi. Linux abu biyu kawai ya hana a cikin suna: alamar / da bayit mai darajar sifili. A wurinsa suna jerin bayit ne kawai, kuma yana bambanta manyan haruffa da ƙanana. Windows ya hana alamomin < > : " / \ | ? da *, ya kuma keɓe sunaye irin su CON, PRN, AUX, NUL, COM1 zuwa COM9 da LPT1 zuwa LPT9. Yana zubar da ɗigo ko tazarar da ta zo a ƙarshen suna, kuma a al'ada ba ya bambanta `Hoto.JPG` da `hoto.jpg`. Shafin da aka gina aka gwada a Windows sannan aka mayar da shi sabar Linux yakan fara rasa hotuna saboda wannan bambanci kaɗai.

Tsawon suna ma yana da iyaka, amma ma'aunin ya bambanta. Tsarin ext4 na Linux yana karɓar bayit 255, NTFS na Windows kuma yana ƙirga guraben UTF-16 guda 255. Tunda harafin Larabci bayit biyu yake ɗauka a UTF-8, sunan Ajami da ya kai haruffa 200 zai shiga NTFS amma ba zai shiga ext4 ba. MediaWiki ya ƙayyade sunan fayil a bayit 240. Idan manhaja ta yanke dogon suna ta hanyar ƙirga bayit, za ta iya raba harafi mai bayit biyu a tsakiya, ta bar guntun da ba harafi ba. A PHP umarnin `substr()` bayit yake ƙirgawa, `mb_substr()` yana ƙirga haruffa, `mb_strcut()` kuma yana ƙirga bayit ba tare da ya raba harafi ba.

A rumbun bayanai na MySQL, tsarin da aka daɗe ana kira utf8 bayit uku ne iyakarsa ga kowane harafi. Haruffan Hausa suna shiga, amma alamomin emoji masu bayit huɗu ba sa shiga sai an yi amfani da utf8mb4.

## Tsaro

Takardun RFC 2183 da RFC 7578 dukansu sun yi gargaɗi cewa kada mai karɓa ya ɗauki sunan da aka aiko ya yi aiki da shi ido rufe. Hanyoyin kutse da suka shahara ta wannan kafa sun haɗa da:

- Haure folda. Suna irin `../../config.php` yana ƙoƙarin fita daga foldar da aka tanada ya rubuta a wani wuri. An lissafa wannan rauni da lamba CWE-22. Tsofaffin nau'o'in Internet Explorer kan aiko da cikakkiyar hanyar fayil daga kwamfutar mai lodawa, mai ɗauke da alamar \, wadda umarnin yanke hanya na Linux ba ya ɗauka a matsayin mai raba folda. Sunayen da ke cikin fayil ɗin zip ma za su iya ɗaukar irin wannan hanya, raunin da kamfanin Snyk ya bayyana a 2018 da sunan Zip Slip.
- Wutsiya biyu. Apache yana duba duk wutsiyoyin da ke cikin suna, ba ta ƙarshe kaɗai ba. A wasu saituna, fayil mai suna `hoto.php.jpg` zai gudana a matsayin umarnin PHP. Karɓar fayil mai haɗari ba tare da tantancewa ba shi ne raunin CWE-434.
- Bayit mai sifili. A harshen C wannan bayit yana nuna ƙarshen rubutu. Idan aka saka shi tsakanin `.php` da `.jpg`, mai tantancewa zai ga hoto, amma faifai ya ajiye sunan da ya tsaya a `.php`. An toshe irin wannan kafa a `move_uploaded_file()` a 2015, a ƙarƙashin lamba CVE-2015-2348.
- Juya alƙiblar rubutu. Alamar U+202E ba ta bayyana a ido, aikinta shi ne tilasta rubutun da ke bayanta ya tafi daga dama zuwa hagu. Ana amfani da ita a ɓoye ainihin wutsiyar fayil, ta yadda manhaja mai gudana za ta yi kama da hoto ko takarda.
- Umarni a cikin suna. Linux ya yarda da alamomin < da > a cikin suna. Idan aka nuna irin wannan suna a shafi ba tare da an kare alamomin ba, burauzan mai ziyara zai ɗauke shi a matsayin HTML. Sunan da ya fara da alamar - kuma, manhajojin layin umarni za su iya ɗaukarsa a matsayin zaɓi.

## Hanyar gano matsala

Abin da aka gani a allo ba hujja ba ne, domin burauza, tagar umarni da manhajar duba rumbun bayanai kowannensu yana fassara bayit ɗin kafin ya nuna su. Suna mai kyau zai iya fitowa a gurɓace, gurɓataccen kuma ya fito daidai idan kuskure biyu suka soke juna. Saboda haka ake bin waɗannan matakai:

1. A tabbatar fayil ɗin ya iso. Wani lokaci matsalar ba ta suna ba ce. Idan fom ba shi da `enctype="multipart/form-data"`, sunan kaɗai ake aikawa ba tare da fayil ba. A PHP iyakar `upload_max_filesize` ta asali megabayit 2 ce, ta `post_max_size` kuma 8, kuma idan saƙo ya wuce ta biyun, `$_FILES` da `$_POST` dukansu za su zo babu komai a ciki. Nginx yana ƙin saƙon da ya wuce megabayit 1 da lambar kuskure 413 idan ba a ɗaga iyakar ba.
2. A haɗa sunayen gwaji. Kowane suna ya ɗauki abu guda da ake zargi: ɗaya mai ƙ a farko, ɗaya mai ƙ a tsakiya, ɗaya mai alhamza, ɗaya mai tazara, ɗaya mai #, ɗaya na Ajami, ɗaya mai tsawo sosai. Manhajar curl tana ba da damar aika fayil da kowane suna da aka zaɓa ba tare da burauza ba.
3. A duba bayit a kowane mataki. A PHP `bin2hex()` yana nuna su, a MySQL `HEX()`, a Linux kuma `xxd`. Idan sunan ya fara da ƙ, ya kamata a ga c699 a farko. Idan aka ga c386, an karanta sunan da tsarin bayit ɗaya an sake lambanta shi. Idan aka ga 3f, an riga an mayar da harafin alamar tambaya.
4. A gyara a inda aka fara ɓatawa. Idan sunan ya iso daidai amma ya lalace a rumbun bayanai, tsarin haruffan mahaɗin rumbun ne za a gyara. Juya sunan a wurin nunawa yana ɓoye matsalar ne kawai, kuma yakan lalata sunayen da tun farko lafiyarsu lau.
5. A kwatanta mahalli. Idan matsalar tana faruwa a sabar aiki amma ba ta faruwa a kwamfutar gwaji, a duba saitin harshe da yanki, nau'in manhajoji da tsarin ajiyar fayil na kowanne.

## Hanyar da aka fi amincewa da ita

Ƙungiyar OWASP, mai fitar da shawarwari kan tsaron manhajojin intanet, ta ba da shawarar cewa sabar ta ƙirƙiri sunan ajiya da kanta. A wannan tsari ana ajiye fayil ɗin a faifai da suna na lambobi da haruffan ASCII da manhajar ta samar, a foldar da ba a gudanar da umarni a cikinta. Sunan asali ana ajiye shi ne a rumbun bayanai a matsayin rubutu, da UTF-8, a sigar NFC. Ana tantance nau'in fayil daga abin da ke cikinsa da kuma jerin wutsiyoyin da aka amince da su, ba daga abin da burauza ya faɗa ba.

Idan za a sauke fayil ɗin, sai a mayar masa da sunansa na asali ta layin Content-Disposition. Takardar RFC 6266 ta 2011 ta tanadi yadda ake yin haka ga sunayen da ba na ASCII ba:

`Content-Disposition: attachment; filename="kura.jpg"; filename*=UTF-8''%C6%99ura.jpg`

Burauzan da ya fahimci sashe na biyu zai ajiye fayil ɗin da sunan `ƙura.jpg`, wanda bai fahimta ba kuma zai koma ga na farko. Wannan sigar mai tauraro ta sauke fayil ce kawai, domin RFC 7578 ta hana amfani da ita wajen lodawa. Da wannan tsari, sunan da mai lodawa ya rubuta yana dawowa gare shi da ƙugiyarsa da alhamzarsa, ba tare da an taɓa amfani da shi a matsayin adireshi a faifan sabar ba.